Lallen Tafiya Madina

A Ɗantutture, idan mace ta sauka, kafin a aika wa dangin miji an riga an aika wa Rahamatu. Ita ba unguwarzoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi. Wankan jego kaɗai take yi, amma fa irin wankan da mace za ta tsufa tana ba jikokinta labarinsa. Da ta tsoma damin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yarfa shi a gadon bayan mai jego, sai ka ji ihu har bayan katanga, ana "Inna za ki kashe ni," ita kuwa ko a jikinta. Bayan arba'in macen nan za ta fito fes tana sheƙi, ta zo da goro da sabulu tana godiya. 'Ya'yan mutanen da suka bi ta hannunta, daga nan har Tamawa, ba wanda ya taɓa zama ya ƙirga su. Saboda haka da labari ya iso cewa autarta Juwairiyya na da ciki a Madina, babu wanda ya ɓata bakinsa wajen tambayar wa zai yi mata wanka.

Inda za a yi shi ne abin tambaya. Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, kowa ya sani. To sai cikin ya zo da laulayi, likitocin can suka ce Juwairiyya ba ita ba jirgi har sai ta sauka. Mijinta Ridwan, ɗan garin Shema ne mai aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Madina, ya ce tunda ɗiya ba za ta iya zuwa ba, to Inna ta zo. Ya turo takardar gayyata ta hannun wani Sirajuddeen mai shagon harkar biza a bakin tashar Dutsin-Ma, ya kuma aiko wa surukarsa babbar waya mai nuna fuska.

Tun daga ranar Rahamatu ta daina zama a Ɗantutture gaba ɗaya. Gangar jikin dai tana nan, tana surfe, tana tankaɗe, tana dama kunun buɗa-baki, don an shiga azumi cikin tsananin bazara. Amma da rana ta take, gari ya yi tsit, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, shi ke nan ta tafi. Ba barci ba ne, ba kuma ido biyu ba. Sai ta ga wata 'yar ƙofa a jikin katangar bayan rumbu, inda babu ƙofa tun da aka gina gidan. Ta tura, ta shiga, ga ta a ɗakin Juwairiyya. Tururi ya cika ko'ina, ƙanshin darbejiya na tashi, auta na zaune a kan kujera 'yar tsugunne ta juya mata baya, tana jira. Ta taga kuma ana hango Madina, wadda a idon Rahamatu Dutsin-Ma ce aka wanke aka share aka dasa wa dabino, har da duwatsun nata. Matar da iyakacin tafiyarta birnin Katsina, ai ba ta yi laifi ba.

A farke kuwa shiri take yi. Ta kakkaryo ganyen darbejiya ta shanya a inuwa, ta ɗaure shi dami-dami, don ba ta yarda akwai irinsa a ƙasar Larabawa ba. Ta daka yajin jego da citta da kimba da masoro har sai da awakin gidan suka yi ta atishawa. Ta ƙulla jar kanwa, ta ƙulla garin gero na kunu, ta jera su a babbar jaka ta tura ƙarƙashin gado. Mijinta Malam Mamuda, manomi mai 'yar makarantar allo a zaure, duk sanda ya leƙo ya ga jakar ta ƙara kumburi sai ya girgiza kai.

"Rahamatu, jirgi hwa ba motar Kurfi ba ce. Auna kaya sukai."

"Su auna, Malam. In ya yi nauyi a sauke tuhwahina a bar ganyen."

Ana gama ƙaramar Sallah sai magana ta fara yawo a rediyo, cewa za a dakatar da ba mutanen wasu ƙasashe bizar ziyara har sai an sauko daga aikin Hajji, wai saboda masu shiga da sunan ziyara su laɓe su jira Arfa. Wasu su ce har da mu, wasu su ce ƙarya ce babu mu. Sirajuddeen ya kira Malam ya ce shi ba ya musu da rediyo, amma abin da yake gani a kwamfutarsa shi ne ƙofar na matsowa, kuma ba ya jin za ta wuce tsakiyar watan nan a buɗe. Ya samo wa Inna rana a cibiyar ɗaukar yatsa a Kano. A je da fasfo, a je da hoto, a je da takardar gayyata, a kuma sammaka.

Malam ya haddace wannan tsaf, ya shigo ya faɗa mata ranar. Nan fa gizo ya yi saƙa. Maganar biza a zaure ta zauna, tsakanin maza, ana shan iska ana tattauna abin da Larabawa ke nufi. Maganar tafiyar Rahamatu kuma a cikin gida ta zauna, tsakanin mata. Zancen nan biyu kullum suna wuce juna a bakin ƙofa, ba su taɓa tsayawa sun gaisa ba.

A lissafin matan Ɗantutture, wanda ya je Kano kan maganar Saudiyya ƙafarsa ɗaya na cikin jirgi. Wa ya sani ko daga can za a ce ta wuce? Kuma ina aka taɓa barin mace ta doshi garin Manzo da farin hannu kamar mai takaba? Batula ce ta fara faɗin haka, kuma ita ce mai hakkin faɗi. Aminiyar Rahamatu ce tun suna ɗaukar talla, ita ce kuma mai ƙunshin garin. Lallenta a bayan ɗakinta take shuka shi, ta tsinke, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe da ƙyallen ɗankwali. Abin alfaharinta a duniya ɗaya ne: lallen Batula ba ya gudu, sai dai mai shi ta gaji da kallonsa.

Ta zo da hantsi da ƙwarya a kai, mata na biye. Ta kama hannun Rahamatu ta juya shi, ta dubi ragowar lallen Sallah ta taɓe baki, alhali ita ta sa shi.

"Wanga na yara ne. Yau za ki ga lalle."

Ta kwaɓa da ruwan lemun tsami da baƙin shayi, ta dumbuza wa yatsun nan har gaɓa ta biyu, ta cika tafin hannu. Leda ma ta ce ba za ta taɓa hannun mai zuwa Madina ba, sai ta ciro tsohon zungurun mahaifiyarta, doguwar ƙwaryar da ake zura hannu a ciki, ta zura mata. Rahamatu ta jingina da darbejiya hannu a ɗaure, ana ba ta fura a baki kamar jaririya, kowa na kawo saƙonta. Wannan a roƙa mata haihuwa, waccan a roƙa wa ɗanta ya bar yawo, wata kuma ita dai a shafo mata bangon masallaci a zo a shafa mata a gwiwa. Sanyin lallen na ratsa ta, surutun matan na yin nisa, har 'yar ƙofar nan ta bayan rumbu ta buɗe da kanta. Ta ga hannuwanta jajaye a kan bayan auta, ta ga Larabawa mata sun taru suna tambayar wace ƙasa ake irin wannan ƙunshi. Ranar ta ji daɗi ƙwarai, ta jima ba ta ji irinsa ba.

Da aka kwance, ya kama. Batula ta ce bai isa ba, washegari ta dawo ta maimaita. Yatsun suka yi ja har suna neman baƙi, farata kamar an tsoma su a manja.

Da ranar ta zo suka bi ta Kankiya zuwa Kano, Rahamatu da Malam, kawalwalniya na gudu a gabansu a kan kwalta kamar ruwa. Cibiyar ɗaki ne mai sanyi da kujeru a jere. Da layi ya zo kanta, wata yarinya mai shuɗin mayafi ta gaishe ta da ladabi, ta nuna mata wani ɗan gilashi mai haske a kan tebur.

"Mama, ɗora yatsu huɗu a nan."

Ta ɗora. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo jar wuta. Yarinyar ta goge gilashin, ta ce a sake. Ta sake, ja. Aka koma hagu, ja. Sai yarinyar ta kama hannun ta juya shi tana kallo.

"Mama, lalle ne."

"Lalle ne mana, ɗiyata," in ji Rahamatu, har da ɗan murmushi. "Na Batula ne."

Yarinyar ta yi mata bayani a hankali. Na'urar ba fuska take kallo ba, ba suna take ji ba, zanen da ke jikin yatsa take karantawa, lallen kuwa ya rufe shi ruf. Ba abin da za su iya yi. Ta koma gida, in ya kwanta ta dawo. Malam ya sunkuyo ya tambayi yaushe za a rufe, ta ce wallahi Baba su ma ba su da tabbas, amma in da hali kada su wuce makon gobe.

Suka kamo hanyar gida a mota har suka wuce Bichi. Rahamatu ta tura hannuwan cikin hijabi, tana jiran faɗa, don ta san in Malam ya yi ma bai yi laifi ba. Can sai ya yi gyaran murya, idonsa na kan hanya.

"Ni ma na gani da sahe. Har na ce a raina ya yi kyau."

Wannan ce ta sa ta kuka, ba na'urar ba.

Kafin su huta labari ya zaga gari, matan da suka taru sa lalle suka sake taruwa cire shi. Kowa da maganinta. Aka jiƙa hannun a ruwan lemun tsami, aka cuɗa da toka, aka bi da kanwa. Wata ta ce omo da ruwan zafi, wata ta ce jikarta mai jarrabawa da man goge baki ta cire nata. Rahamatu ba ta ƙi ko ɗaya ba. In mutane sun watse sai ta ɗauko dutsen goge kaushi ta zauna a bakin rariya, tana gurzar yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe. Lallen Batula kuwa ya nuna shi na Batula ne.

Ita Batular ta zo da kwandon lemu ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta san inda za ta sa idonta ba.

"Rahamatu, da na sani..."

"Aje nan ki tahi. Hannunki ya yi mani abin da ya yi, ya isa."

Maganar ta fito da kaifin da ba ta yi niyya ba, amma ba ta janye ta ba. Batula ta ajiye kwandon ta juya, daga ranar kuma ta daina bi ta layin.

Da jan ya ɗan yi haske, Malam ya ce kafin su sake kwasar hanyar Kano gara a gwada a kusa. Sirajuddeen na da wata 'yar na'urar ɗaukar yatsa da yake rajistar layin waya da ita. Suka hau mota zuwa Dutsin-Ma, suka same shi a shago, fanka na juyawa tana kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya goge na'urar da gefen rigarsa, ya kama babban yatsanta ya danna, Rahamatu ta ɗan zabura don zafi. Hoton ya fito a allon kwamfuta, ƙato kamar faifai. Ta zuba masa ido. Ba ta taɓa sanin tana yawo da irin wannan a hannunta ba. Daga gefe ana ganin 'yan layuka suna zagaye kamar kunyoyin gona, tsakiya kuwa sumul, kamar inda ruwa ya bi ya shafe shuka.

Sirajuddeen ya gwada sauran, ya jingina da kujera ya sauke numfashi.

"Inna, mi kika goga?"

Ta lissafa masa.

"Kin goge lallen, kin haɗa da zanen. Yanzu ko babu ja ba za ta karɓa ba. Sai hwatar ta huta ta dawo da kanta."

"Kwana nawa?"

Sirajuddeen ya dubi Malam. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa ba, shi ɗalibai yake gargaɗi kan lalle, bai kawo tsohuwa a ransa ba. Malam ya ce babu laifin kowa, haka Allah ya rubuta. Makon bai ƙare ba Sirajuddeen ya kira ya ce ƙofar ta rufe, sai bayan Hajji.

A Ɗantutture waya mai nuna fuska ba ta kamawa sai a kan falalen dutsen da ke bayan gari. Can Rahamatu ta hau da la'asar, ta zauna, ta kira auta. Fuskar Juwairiyya ta fito ta kumbura, kamar yadda tata ta yi lokacin da take ɗauke da ita. Rahamatu ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

"Inna, lalle?"

"Lalle, Auta."

Juwairiyya ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Dariyar ta yi ta raguwa, ta ƙare, ta juyar da fuska gefe. Da ta juyo sai ta ce ba komai, akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Nana Hadiza, mutuniyar wajen Maraɗi ce da ta daɗe a Madina, ta ce za ta taimaka. Rahamatu ta ce Allah ya saka mata da alheri. Ta faɗa ne da baki, zuciyarta kuwa ta tsani matar tun kafin ta gan ta.

Ba a jima ba Juwairiyya ta sauka lafiya, aka sami mace. Ranar wankan farko Rahamatu ta hau dutsen tun rana ba ta yi zafi ba, can Madina kuma aka jingina mata tasu wayar a wani wuri a banɗaki. Abin da ta gani ya sa ta riƙe baki. Babu murhu, babu garwa, babu ganye. Butar lantarki ce da bokitin roba da tawul. Nana Hadiza, 'yar siririyar tsohuwa mai tsage a kumatu, ta gaishe ta da girmamawa, ta ce ta ji labarin hannunta a wanka, ta yi mata gyara in ta ga kuskure. Rahamatu ta gyara zama ta fara. A fara daga ƙugu. A danna, kada a shafa. A ƙara ruwa, wannan ai na alwala ne. Maganarta na zuwa a makare, hoton na tsayawa yana tafiya, tururi ya rufe gilashin har ba ta ganin komai sai fari. Cikin farin nan ta ji muryar auta.

"Wayyo Inna, ya yi zahi!"

"Daure, Auta, shi ne maganin," in ji Rahamatu da ƙarfi, har ta ɗaga hannu.

Sai ta ji wata murya a can kusa tana cewa yi haƙuri ɗiyata, bari in sirka. Ta ji ƙarar zuba ruwa, ta ji auta ta sauke ajiyar zuciya. Ba da ita ake ba. Ta sauke hannun a hankali ta ɗora a cinya, ta zauna tana sauraron ruwa na zuba a wata ƙasa, har wayar ta yanke da kanta.

Ranar suna aka sake kiranta. Sunanta aka sa wa yarinyar, Ummi za a riƙa ce mata. Juwairiyya ta yi kwalliya daidai gwargwado, ta ɗago jaririyar ta matso da ita. Rahamatu ta so ta kalli fuskar jikarta, amma idonta ya maƙale a hannun da ke riƙe da ita. Fari fat, ko ɗigon lalle babu. Mai jego, ranar suna, haihuwar fari. A Ɗantutture ko marainiya ba a bari haka. Ta dubi nata hannun da har yanzu ke da sauran ja, ta ja hijabi ta rufe shi, ta riƙe wayar ta cikin ƙyalle har aka gama.

Daga nan wani abu ya same ta wanda ita ma ba ta iya bayaninsa ba. Kullum da safe sai ta tsinci kanta ta hura wuta ta ɗora garwa, ruwa na tafasa, ita tana tsaye tana kallon katangar bayan rumbu. Ƙofar ba ta ƙara buɗewa ba, katanga ce kawai da tsagar da damina ta bari. In ruwan ya tafasa sai ta rasa yadda za ta yi da shi, ta juye a bokiti ta kai wa Malam bayi. Bawan Allah, ana zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa, haka zai shiga ya yi wanka da ruwan jego ya fito yana gumi, bai taɓa tambayar dalili ba. Ranar da auta ta yi arba'in, Rahamatu ba ta hura wutar ba, shi ma bai tambaya ba.

Ruwa ya sauka, aka fita shuka. Ta bi Malam gona tana jefa iri tana rufewa da diddige, ƙasa mai laima na shiga tsakanin yatsunta. Fatar ta saɓule ta yi sabuwa, zanen ya dawo da kansa ba wanda ya roƙe shi. Jan ya bar tafin hannu, ya bar yatsu, ya rage a farata kaɗai, don shi lallen farce ba ya kwanciya, sai dai farcen ya tsiro ya tura shi gaba. Daga gindin kowane farce wani fari ya ɓullo kamar jinjirin wata, yana faɗi a hankali. Ta kama ɗabi'ar zama tana kallon na babban yatsa. Da babbar Sallah ta zo ba ta bari ko ƙanshin lalle ya matso ta ba, ta je Idi da farin hannu, masu tambaya suka tambaya ta ce lafiya lau.

Alhazai suka fara dawowa, Sirajuddeen ya kira ya ce an buɗe. Suka koma Kano, ɗakin nan mai sanyi, yarinyar nan mai shuɗin mayafi. Ta ɗora yatsu huɗu, kafin ta gama bisimilla wuta ta kawo kore. Hagu ma haka. Abin bai kai tsawon shan ruwa ba. Yarinyar ta ce Mama an karɓa, Allah ya kai ki lafiya. Rahamatu ta tsaya tana kallon gilashin, tana jiran murna ta zo, ba ta zo ba.

Da biza ta fito ta kira auta ta tambayi abin da za ta taho da shi. Juwairiyya ta ce daddawa da kuka, sai kuma Inna kanta. Ganyen fa? Ta ce haba Inna, ai an daɗe da gama wanka, kada ki wahalar da kanki. A bayanta ana jin Ummi na gwaranci, ta fara riƙe wuya, har ta san mai ɗaukarta.

Ana jibi tafiya, da yamma bayan an ɗauke ruwa, Rahamatu ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado zuwa tsakar gida. Ta zuge, ta ɗago damin darbejiya na farko, ya ruguje a hannunta ya zama gari, sai tsinke. Tana cikin kakkaɓewa ta ji sallama ƙasa-ƙasa. Batula ce a bakin ƙofa, ta rame, da ƙullin leda a hannu. Ba ta shigo ba sai da aka ce ta shigo. Ta durƙusa ta ajiye ƙullin a gefen jakar, ƙanshinsa ya riga ya faɗi ko mene ne.

"Ba naki ba ne," ta yi saurin cewa. "Na Auta ne. Na ji an ce ranar suna da hwarin hannu ta zauna. Tun da na ji ban ƙara barcin kirki ba."

Rahamatu ta dubi ƙullin. Ta matsa ta ba ta gefen tabarma, Batula ta zauna. Suka jima a haka, ruwa na ɗiga daga ganyen darbejiya a kansu. Can Rahamatu ta miƙa mata babban yatsanta.

"Diba nan."

Batula ta kama hannun da hannu biyu, kamar yadda ta saba kama shi, ta duba. Farcen ya yi fari tun daga gindi har kusan baki, jan ya rage ɗan siriri a can ƙarshe.

"Kin ga hwarin nan? Daga nan zuwa nan duk girman Ummi ne. Kullum shina ƙaruwa ina kallo, ita ban gan ta ba."

Batula ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a bayan hannun. Ta goge shi da gefen zanenta, ta laluba ƙugunta ta ciro reza.

"Kawo in yanke maki sauran. Ki tahi ba ki ganin shi."

Rahamatu ta janye hannun, ba da fushi ba.

"Bar shi, Batula. So nike in je da shi, ta ga abin da ya tsai da ni."

Ta kwashe ragowar ganyen ta watsa wa awaki, ta ɗauki ƙullin lallen ta sa a gurbinsa, ta zuge jakar.